BABI NA UKU: SHAIDAR DNA A BINCIKEN LAIFUKA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan yadda ake amfani da gwajin sinadarin gado, wanda aka fi sani da DNA, wajen gano masu aikata manyan laifuka, musamman kisan kai da fyaɗe. Da farko za a kawo ma'anar kimiyyar binciken laifuka da hanyoyin da aka riƙa bi kafin zuwan wannan gwaji. Daga nan sai a dubi shi kansa DNA da yadda aka gano hanyar bambance mutane da shi. Bayan haka za a tsaya a kan shari'ar kisan kai ta farko da aka warware da taimakonsa, wadda ta auku a lardin Lesta na ƙasar Ingila tsakanin 1983 da 1988. An zaɓi wannan shari'a ne saboda a cikinta ake ganin ƙarfin gwajin da kuma iyakarsa a lokaci guda. Gwajin ya wanke yaron da ya riga ya amsa laifi da bakinsa, amma kuma bai kai ga mai laifin ba sai da wata mata ta ji magana ta kai wa 'yan sanda. Daga ƙarshe za a kawo ci gaban da aka samu bayan wannan shari'a da kuma abubuwan da kan raunana irin wannan shaida.

3.1 Ma'anar Kimiyyar Binciken Laifuka

Kimiyyar binciken laifuka ita ce amfani da ilmin kimiyya wajen nazarin abubuwan da aka tarar a wurin da aka aikata laifi, domin a taimaka wa kotu ta gano gaskiyar abin da ya faru. Waɗannan abubuwa sun haɗa da jini da gashi da miyau da maniyyi da zaren tufa da harsashi da sawun ƙafa da makamantansu.

Daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fanni akwai wani likita Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon a shekarar 1910. A ra'ayinsa, duk lokacin da abu biyu suka haɗu, kowanne zai bar wa ɗan'uwansa wata alama. Wato mai laifi yakan bar wani abu nasa a inda ya yi ta'asa, yakan kuma tafi da wani abu daga wurin, ko ya sani ko bai sani ba. Wannan tunani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin da shi mai bin sawu yake aiki idan an sace dabba. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne kayan aikin da ke iya ganin sawun da ido ba ya gani.

3.2 Hanyoyin Gane Mai Laifi Kafin Zuwan DNA

Kafin shekarun 1980, manyan hanyoyin da kimiyya ke bi wajen danganta mutum da wurin laifi guda biyu ne, wato zanen yatsa da rukunin jini.

3.2.1 Zanen Yatsa

Zanen yatsa shi ne 'yan layukan da ke fatar kan yatsun hannu, waɗanda ba sa sauyawa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa. A shekarar 1892 Francis Galton na Ingila ya wallafa littafi a kan yadda za a karkasa su. A wannan shekara ce kuma 'yan sandan ƙasar Ajantina suka yi amfani da tsarin da Juan Vucetich ya shirya suka kama wata mata da ta kashe 'ya'yanta biyu ta ɗora wa wani mutum laifin, bayan an ga zanen yatsanta na jini a jikin ƙofa. 'Yan sandan Landan sun buɗe sashen zanen yatsa a 1901. Raunin wannan hanya shi ne, mai laifi zai iya sa safar hannu, ko ya goge abin da ya taɓa, kuma ba kowane abu ne ke riƙe zanen ba.

3.2.2 Rukunin Jini

A shekarar 1901 Karl Landsteiner, wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana cewa jinin mutane ya kasu rukuni-rukuni, abin da ya kai ga rukunonin A da B da AB da O da aka sani yau. Wannan ya ba masu bincike damar cewa jinin da aka gani a wuri ba na wane ba ne, idan rukuninsu ya saɓa. Amma idan rukunin ya zo ɗaya, magana ba ta ƙare ba, domin miliyoyin mutane ne ke tarayya a kowane rukuni. Ke nan, rukunin jini yana iya fitar da mutum daga zargi, amma ba ya iya nuna mutum ɗaya tak a ce shi ne.

3.3 Ma'anar DNA

Jikin ɗan'adam ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A tsakiyar mafi yawan nau'o'in waɗannan ƙwayoyi akwai cibiya, a cikinta kuma akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom, guda 46, waɗanda suke zaune biyu-biyu. Mutum yakan gaji 23 daga uwa, 23 daga uba. DNA shi ne sinadarin da aka saƙa waɗannan zaruruwa da shi, kuma shi ke ɗauke da umarnin yadda za a gina jiki, tun daga launin fata har zuwa rukunin jini.

Friedrich Miescher ne ya fara ware wannan sinadari a 1869. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa, bisa dogaro da hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samar, inda suka nuna cewa kamar tsani yake wanda aka murɗe. Matakalan tsanin sun ƙunshi sinadarai huɗu da ake taƙaita sunayensu da A da T da G da C. Yadda waɗannan huɗu suka jeru shi ne saƙon, tamkar yadda jeruwar baƙaƙe da wasula ke tayar da kalma. A rabon da mutum ya gada daga kowane ɓangare na iyayensa akwai irin waɗannan matakala kimanin biliyan 3.

Abubuwa uku ne suka sa DNA ya dace da aikin binciken laifi:

(i) Iri ɗaya ne a duk sassan jikin mutum. Wanda ke cikin jininsa shi ne a miyaunsa da maniyyinsa da saiwar gashinsa da ƙashinsa.

(ii) Duk da cewa kimanin kashi 99.9 cikin 100 na jerin iri ɗaya ne tsakanin kowaɗanne mutane biyu, ɗan abin da ya rage ya isa ya bambance mutum da sauran jama'a, in ban da tagwaye masu kama ɗaya da suka fito daga ƙwai guda.

(iii) Yana iya daɗewa shekaru a busasshen tabo idan an adana shi da kyau.

3.4 Yadda Aka Gano Zanen DNA

A safiyar Litinin, 10 ga Satumba, 1984, wani masanin ilmin gado a Jami'ar Lesta mai suna Alec Jeffreys ya wanke hoton wani gwaji da ya yi. Ba binciken laifi ne ya sa a gaba ba, yana nazarin yadda gado ke bambanta ne tsakanin mutane. Hankalinsa yana kan wasu wurare na DNA inda wani gajeren jeri ke maimaita kansa sau da yawa, kamar mai i'ina. Yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Cikin samfuran da ya gwada akwai na wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwajensa da na iyayenta biyu. Da ya dubi hoton sai ya ga layukan kowa sun sha bamban, amma kuma layukan 'yar, wasu daga uwa suke, wasu daga uba. A nan ya gane cewa hanya ɗaya za ta iya amsa tambaya biyu, wato wane ne wannan, kuma ɗan wane ne. Ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1985, ya kuma raɗa wa hanyar sunan da ke kwatanta ta da zanen yatsa.

A taƙaice, matakan da ake bi a wancan lokaci su ne kamar haka:

(i) A tace DNA daga jini ko tabon da aka samu.

(ii) A zuba masa wani sinadari mai aiki kamar almakashi, wanda zai yayyanka shi a wasu sanannun wurare.

(iii) A sa guntayen a gefen wani faifai mai danƙo a saki wutar lantarki. Gajerun guntaye sukan yi nisa, dogayen kuma su tsaya kusa, ta haka sai su jeru bisa tsawonsu.

(iv) A kwashe su zuwa kan wani ƙyalle na musamman, a yi musu alama da sinadari mai fitar da haske, sannan a ɗora fim irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti.

(v) Abin da zai fito shi ne jerin baƙaƙen layuka, waɗanda za a kwatanta da na wanda ake tuhuma.

Aikin farko da aka yi da wannan hanya bai shafi laifi ba. A 1985 jami'an shige da fice na Birtaniya sun yi shakkar wani yaro ɗan asalin Ghana da ya komo wurin mahaifiyarsa a Landan, suna ganin ba ɗanta ba ne. Mahaifin ba ya nan, saboda haka Jeffreys ya gwada jinin uwar da na sauran 'ya'yanta uku, ya tabbatar da cewa yaron nata ne. Aka janye maganar korarsa. Labarin wannan nasara ya bazu a jaridu, ta haka 'yan sandan Lesta suka san abin da ake yi a jami'ar da ke garinsu.

3.5 Shari'ar Narborough

3.5.1 Kisan 'Yan Mata Biyu

Narborough da Enderby da Littlethorpe ƙauyuka uku ne maƙwabtan juna a kudu maso yammacin birnin Lesta. A ranar 21 ga Nuwamba, 1983, wata yarinya 'yar shekara 15 ta fita daga gida a Narborough da yamma ba ta komo ba. Washegari aka tsinci gawarta a gefen wata 'yar hanyar ƙafa, an yi mata fyaɗe an shaƙe ta. Gwajin maniyyin da aka samu ya nuna cewa mai laifin yana da jini rukunin A, tare da wata alama wadda idan aka haɗa su biyun, kimanin kashi 10 cikin 100 na maza ne ke da su. Iyakar abin da kimiyyar lokacin ta iya faɗa ke nan. Aka yi ta bincike ba a kama kowa ba.

A ranar 31 ga Yuli, 1986, wata yarinyar, ita ma 'yar shekara 15, ta ɓata a hanyarta ta komawa gida Enderby. Bayan kwana biyu aka ga gawarta a cikin ciyayi, ba nisa da inda aka tsinci ta farko. Yadda aka yi kisan iri ɗaya ne, rukunin jinin ma haka. Tsoro ya kama mutanen ƙauyukan, matsin lamba kuma ya yi wa 'yan sanda yawa.

3.5.2 Wanke Wanda Ya Amsa Laifi

Ba a daɗe ba aka kama wani yaro ɗan shekara 17 mai aiki a ɗakin girki na asibitin masu taɓin hankali da ke yankin. An gan shi kusa da wurin, kuma ya ambaci wasu abubuwa game da gawar waɗanda ba a sanar wa jama'a ba. Yaron yana da raunin fahimta. Bayan doguwar tambaya sai ya amsa cewa shi ya kashe yarinya ta biyu, amma ya musanta kisan ta farko.

'Yan sanda sun yi imani cewa mutum ɗaya ne ya yi kisan biyu. Saboda haka shugaban masu binciken, David Baker, ya nemi Jeffreys ya kwatanta jinin yaron da maniyyin da aka adana daga gawarwakin biyu. Abin lura a nan shi ne, manufarsu ita ce a ƙara wa yaron laifi na biyu, babu wanda ya yi tunanin wanke shi. Sakamakon ya gaskata 'yan sanda ta fuska ɗaya, ya ƙaryata su ta wata fuskar. Lalle mutum ɗaya ne ya yi wa 'yan matan biyu fyaɗe, amma layukansa ba su yi daidai da na yaron ba ko kusa. An aika da samfuran ga ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati domin a sake gwadawa, sakamakon ya fito iri ɗaya. A watan Nuwamba na 1986 kotu ta sallami yaron bayan ya shafe fiye da wata uku a tsare. Shi ne mutum na farko a duniya da gwajin DNA ya wanke daga tuhumar kisan kai. Daga baya Jeffreys ya bayyana cewa ba ya shakka da an ɗaure yaron, ba don wannan gwaji ba.

Wannan al'amari ya taɓa wani abu da aka daɗe ana ɗauka a matsayin tabbas, wato cewa babu shaidar da ta kai mutum ya amsa laifi da bakinsa. Gajiya da tsoro da ƙuruciya da raunin fahimta duk suna iya sa mutum ya ɗauki laifin da bai aikata ba. Da kuwa an ɗaure yaron, da an yi asara biyu, domin da an zalunci marar laifi, an kuma rufe bincike alhali mai kisan yana yawo cikin gari.

3.5.3 Gwajin Jinin Jama'a

A yanzu 'yan sanda suna da zanen DNA na mai laifin, amma ba su da sunansa, kuma babu wani rumbun bayanai da za a duba. Saboda haka a watan Janairu na 1987 suka fara wani abu da ba a taɓa yi ba. Suka rubuta wa matasan maza na ƙauyukan uku takarda suna roƙonsu su zo su bayar da jini da miyau bisa raɗin kansu. Kowa zai zo da takardar shaidar da ke nuna ko shi wane ne. Saboda gwajin DNA yana da tsada da cin lokaci, sai aka fara tace mutane da rukunin jini, waɗanda nasu ya dace da na mai laifin su kaɗai ake yi wa cikakken gwaji. Maza fiye da 5,000 aka ɗebi jininsu cikin watanni. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya dace ba.

3.5.4 Kama Colin Pitchfork

Dalilin wannan rashin nasara bai shafi ɗakin gwaje-gwaje ba. Daga cikin waɗanda aka aika wa takarda akwai Colin Pitchfork, ma'aikacin gidan burodi, magidanci mai 'ya'ya biyu, mazaunin Littlethorpe. Pitchfork ya lallashi wani abokin aikinsa da ba ɗan yankin ba ya je a madadinsa. Ya ce masa wai shi ya riga ya bayar da jini da sunan wani abokinsa, idan ya sake zuwa za a gane. Ya sauya hoton da ke cikin fasfonsa da na abokin aikin, ya kuma koya masa sa hannunsa. Aka gwada jinin, aka rubuta cewa Pitchfork ba shi da laifi. A nan gwajin bai yi kuskure ba, domin jinin da aka ba shi lalle na marar laifi ne. Kuskuren yana wajen sunan da aka liƙa wa kwalbar.

Hausawa kan ce baki shi ke yanka wuya. A ranar 1 ga Agusta, 1987, abokin aikin yana hira da wasu ma'aikatan gidan burodin a wata mashaya a Lesta, sai ya faɗi abin da ya yi. Wata mata daga cikinsu ta riƙe maganar a ranta, bayan wasu makonni ta kai wa 'yan sanda. Aka kama Pitchfork a ranar 19 ga Satumba, 1987, aka gwada jininsa na gaskiya, layukansa suka yi daidai da na maniyyin da aka samu a gawarwakin biyu. Ya amsa laifinsa, kuma a watan Janairu na 1988 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai. Shi ne na farko da aka ɗaure bisa laifin kisan kai da taimakon DNA. Abokin aikin nasa kuwa an yanke masa ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka. An saki Pitchfork bisa sharaɗi a watan Satumba na 2021, aka mayar da shi kurkuku bayan wata biyu.

Idan aka duba da kyau za a ga cewa gwajin jama'a bai tafi a banza ba. Shi ne ya tilasta wa Pitchfork yin maguɗi, maguɗin kuma shi ya tona masa asiri. Amma da matar nan ta yi shiru, da sunansa yana nan cikin jerin waɗanda kimiyya ta wanke.

3.6 Ci Gaban da Aka Samu Bayan Shari'ar

Hanyar farko ta Jeffreys tana buƙatar tabo mai ɗan girma wanda bai lalace ba, kuma takan ɗauki makonni. Abin da ya sauya wannan shi ne dabarar ninka DNA wadda Kary Mullis na Amurka ya ƙirƙiro a 1983, ya kuma samu lambar Nobel a kanta a 1993. A wannan dabara, kowane zagaye yana ninka abin da ake da shi sau biyu, ta yadda zagaye 30 zai iya mayar da guntu ɗaya ya zama kusan biliyan ɗaya. Saboda haka miyaun da ke jikin guntun sigari ko bakin kofi ya isa a yi gwaji da shi.

Har ila yau, tun daga shekarun 1990 an koma ƙirga gajerun maimaici a wasu zaɓaɓɓun wurare na DNA, a rubuta sakamakon da lambobi. Alal misali, a wuri ɗaya mutum zai iya samun 11 daga uwa da 14 daga uba. Ƙarfin gwajin yana zuwa ne daga haɗa wurare da yawa. A ɗauka cewa a kowane wuri mutum 1 cikin 10 ne ke da irin lambobin da aka samu. Idan an duba wuri biyu ya zama 1 cikin 100, wuri uku 1 cikin 1,000, wuri goma kuwa 1 cikin biliyan 10, adadin da ya zarce yawan mutanen duniya.

Rubuta sakamako da lambobi ya sa ana iya adana shi a kwamfuta. Birtaniya ta buɗe rumbun bayanan DNA na ƙasa a 1995. Amurka ta buɗe nata a 1998, tana duba wurare 13, ta ƙara su zuwa 20 a 2017. A 2018 masu bincike a jihar Kalifoniya sun kama Joseph DeAngelo, wanda ya yi kashe-kashe a shekarun 1970 da 1980, ta hanyar bin danginsa na nesa da suka sa bayanan DNA ɗinsu a wani shafin intanet na neman asali. A 2020 ya amsa laifin kisan mutum 13.

Ta fuskar wanke marasa laifi kuwa, a 1992 lauyoyi biyu, Barry Scheck da Peter Neufeld, suka kafa ƙungiyar Innocence Project a New York domin sake duba tsofaffin shari'u. A 1993 aka saki Kirk Bloodsworth, mutum na farko a Amurka da aka taɓa yanke wa hukuncin kisa sannan DNA ya wanke shi. Ƙididdigar ƙungiyar ta nuna cewa daga 1989 zuwa 2020 mutum 375 gwajin ya wanke a ƙasar bayan an ɗaure su. A kimanin kashi 69 cikin 100 na waɗannan shari'u akwai kuskuren shaidar gani da ido, a kimanin kashi 29 kuma akwai amsa laifi na ƙarya. Wannan ya nuna cewa abin da ya faru da yaron Narborough ba shi kaɗai ya shafa ba.

3.7 Abubuwan da Ke Raunana Shaidar DNA

Tambaya ɗaya gwajin DNA yake amsawa, wato wannan abu daga jikin wa ya fito. Ba ya faɗin lokacin da abin ya zo wurin, ko yadda ya zo, ko niyyar mai shi. Daga nan ne mafi yawan matsalolin suke tasowa.

(a) Gurɓacewar kayan aiki. Daga 1993 zuwa 2009 an yi ta samun DNA na wata mata a wuraren laifi kimanin 40 a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da wurin da aka kashe wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. An sa ladan Yuro 300,000 ga wanda ya taimaka aka kama ta. A watan Maris na 2009 aka gano cewa babu wata mai laifi. DNA ɗin na wata ma'aikaciya ne a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ake ɗaukar samfuri da shi. An kashe ƙwayoyin cuta a jikin audugar, amma hakan ba ya kawar da DNA.

(b) Tafiyar DNA daga wuri zuwa wuri. A 2012 an samu DNA na wani mutum a farcen wani attajiri da aka kashe a Kalifoniya, aka tsare shi watanni. Daga baya takardun asibiti suka nuna cewa yana kwance a asibiti lokacin da aka yi kisan. Bincike ya nuna cewa ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi a daren su ne suka je gidan mamacin bayan 'yan sa'o'i.

(c) Dalili na halal. Samun DNA na miji a ɗakin matarsa, ko na direba a motar maigidansa, ba ya nuna komai. Haka kuma a shari'ar fyaɗe, idan wanda ake tuhuma ya yarda an sadu amma ya ce da yarda aka yi, gwajin ba zai raba gardama ba.

(d) Lalacewa da cakuɗuwa. Zafi da laima da hasken rana suna lalata DNA. Idan jama'a suka yi dafifi a wurin laifi suna taɓa abubuwa, ko aka wanke tufafi kafin likita ya duba, shaida ta tafi ko ta cakuɗe da ta wasu. Saboda haka wajibi ne a killace wurin, a kuma rubuta sunan duk wanda samfuri ya bi ta hannunsa har ya isa kotu.

(e) Rashin fahimtar lissafi. Idan masani ya ce mutum 1 cikin miliyan ɗaya ne ke da irin wannan zane, ba yana nufin yiwuwar rashin laifin wanda ake tuhuma 1 ce cikin miliyan ba. A ƙasa mai mutum miliyan 60, ana sa ran samun kimanin mutum 60 masu irin zanen. Sauran shaidu ne za su nuna wane ne daga cikinsu.

(f) Haƙƙin sirri. A 2008 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa ajiye DNA na mutanen da ba a same su da laifi ba har abada, kamar yadda ake yi a Ingila a lokacin, ya saɓa wa haƙƙinsu. Wannan ya sa aka gyara dokar a 2012.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar kimiyyar binciken laifuka, an nuna gazawar zanen yatsa da rukunin jini, sannan an yi bayanin DNA da yadda Alec Jeffreys ya gano hanyar bambance mutane da shi a 1984. An kuma bi diddigin shari'ar Narborough, inda aka ga gwajin ya kuɓutar da yaron da bakinsa ya kusa kai shi ɗaurin rai da rai, aka kuma ga yadda sauya hoton fasfo ya kusa kuɓutar da mai kisan. Bisa ga abin da ya gabata, za a iya cewa shaidar DNA ta fi ƙarfi wajen fitar da mutum daga zargi, domin idan lambobi suka saɓa an san samfurin ba nasa ba ne. Idan kuwa suka dace, sauran aiki yana wuyan ɗan sandan da ya killace wuri, da ma'aikacin da ya rubuta suna a jikin kwalba, da shaidun da suka faɗi abin da suka sani, da alƙalin da zai auna wannan shaida tare da sauran hujjojin da ke gabansa.